Akun da Ke Ƙetare Teku: Tarihin Tsuntsun Tasmaniya da Ya Kusa Ƙarewa

A ƙarshen shekarar 2016, masu lura da tsuntsaye a Melaleuca, wani lungu da ke can kudu maso yammacin tsibirin Tasmaniya, sun ƙidaya 'yan aku 17 kacal da suka dawo daga ci-ranin da suke yi duk shekara a gaɓar babban yankin Ostireliya. A cikin waɗannan 17, matan ba su wuce huɗu ba. Su ke nan abin da ya rage a daji na jinsi guda sukutum, a duk faɗin duniya. Masana suna kiran wannan tsuntsu Neophema chrysogaster, sunansa na yau da kullum kuwa yana nufin aku mai ciki ruwan goro, saboda wani ɗan tabo mai wannan launi da ke ƙasan cikinsa.

Rubuce-rubucen ƙarni na 19 da farkon na 20 sun ambaci manyan garkunan wannan aku a gaɓar Kudancin Ostireliya, har an riƙa ganinsa a kusa da birnin Sydney. Cikin shekara ɗari da 'yan kai, garkunan suka narke. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci nazari shi ne ba a yi sakaci da shi a ƙarshe ba: yana cikin dabbobi na farko da Ostireliya ta kafa wa kwamitin ceto na musamman, an kuma shafe sama da shekara arba'in ana kashe masa kuɗi da lokaci. Duk da haka adadinsa ya ci gaba da raguwa har ya kai 17. Dalilin hakan yana tattare da tarihin teku, da na wuta, da na mulkin mallaka, da na siyasar zamani.

Ɗan ƙarami mai doguwar tafiya

Tsawon wannan aku daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kimanin santimita 20 ne, nauyinsa kuma kusan giram 45, wato bai fi ƙaramin ƙwan kaza ba. Bayansa kore ne shar, ƙirjinsa ya yi ruwan ɗorawa, da shuɗin layi kwance a goshinsa. Namiji ya fi mace ƙyalli, tabon cikinsa kuma ya fi fitowa. Yana cikin wasu jinsuna shida 'yan gida ɗaya da ake kira akun ciyawa, domin a ƙasa suke kiwo, suna tsintar ƙwayoyin ciyayi da na ƙananan tsirrai. Idan ya firgita yakan tashi sama a guje da wata ƙara mai ziza, kuma da wannan ƙara ce gwanaye suke bambanta shi da ɗan'uwansa mai shuɗin fuka-fuki, wanda suke kama matuƙa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Jinsunan aku a duniya sun kusa 400, amma waɗanda suke ƙaura ta gaskiya, su tafi su dawo kan lokaci duk shekara kamar yadda shamuwa ke yi, 'yan kaɗan ne ƙwarai. Uku aka fi ambata, kuma dukansu mashigin teku ɗaya suke ƙetarewa, wato Mashigin Bass da ya raba Tasmaniya da babban yankin Ostireliya, mai faɗin kusan kilomita 240.

A kudancin duniya yanayi a juye yake: Disamba zuwa Fabrairu lokacin zafi ne, Yuni zuwa Agusta kuma hunturu. Tsuntsayen sukan fara isowa Melaleuca daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Mace takan nemi kogo a jikin bishiyar turare da ke gefen fili, ta sa ƙwai huɗu ko biyar, ta yi kwanci na kimanin kwana 21, namiji yana kawo mata abinci. 'Ya'yan sukan bar sheƙa bayan mako huɗu zuwa biyar. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris iyaye sukan kama hanyar arewa, suna bin gaɓar yammacin Tasmaniya, su yada zango a Tsibirin King da ke tsakiyar mashigin, sannan su sauka a gaɓar jihar Victoria. Wasu sukan zarce yamma har yankin Coorong na Kudancin Ostireliya.

Abin mamaki a nan shi ne 'ya'yan ba sa bin iyayensu. Sai bayan makonni da tafiyar manya sukan tashi, su kaɗai, su nufi ƙasar da ba su taɓa gani ba, su ratsa tekun da ya yi ƙaurin suna wajen iska da igiyar ruwa. Alƙiblar tafiyar a cikin halittarsu take. Abin da halitta ba ta ba su ba shi ne tabbacin cewa idan sun ƙetare za su tarar da abinci, ko garken da za su shiga ya nuna musu makiyaya.

Kafin teku ya raba ƙasa

A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, lokacin da ruwan tekunan duniya ya ja baya, babu Mashigin Bass. Wani shimfiɗaɗɗen fili ne ya haɗa Tasmaniya da Victoria, kuma ta kansa ne mutane suka taka da ƙafa suka shiga Tasmaniya kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Da ƙanƙara ta narke, ruwa ya hau, ya shafe filin wajen shekara 12,000 da suka wuce. Wasu masana suna ganin cewa ƙaurar wannan aku ta girmi tekun: tafiya ce da kakanninsa suke yi a kan tudu, ruwa ya riƙa shigowa sannu a hankali, su kuma ba su sauya hanya ba.

Mutanen da teku ya killace a tsibirin sun zauna dubban shekaru ba su haɗu da sauran bil'adama ba. Waɗanda suke yankin Melaleuca ana kiransu Needwonnee. Babban makaminsu na sarrafa ƙasa shi ne wuta. Sukan cinna ta kaɗan-kaɗan, yanki-yanki, domin buɗe hanya da fito da sabon tsiro mai jawo namun daji. Filayen kudu maso yamma, waɗanda wata ciyawa mai kai kamar anini ta mamaye, sun ɗauki siffarsu ne a ƙarƙashin wannan ƙuna ta dubban shekaru.

Akun ya dogara da wannan tsari. Bincike ya nuna cewa ya fi samun abinci a filin da wuta ta ci cikin 'yan shekarun baya, kamar daga shekara ɗaya zuwa takwas, domin a lokacin ne ƙananan tsirrai masu yawan iri suke samun sarari. Idan fili ya daɗe bai ga wuta ba, manyan ciyayi da sarƙaƙiya sukan danne su. Idan kuma gagarumar gobara ta tashi, takan haɗa har da tsofaffin bishiyoyi masu koguna. Abin da tsuntsun yake bukata shi ne fili mai dabbare-dabbare, nan sabon ƙuna, can tsoho, ga kurmi a gefe wanda wuta ba ta taɓa ba. Ashe abin da daga baya Turawa suka kira dajin da hannun ɗan'adam bai taɓa ba, gona ce da aka daɗe ana kula da ita.

Zuwan jiragen ruwa

Bature na farko da ya hango Tasmaniya shi ne Abel Tasman, ɗan ƙasar Holan, a 1642. Gawar akun ta farko da ta isa Ingila an samo ta ne a Adventure Bay a ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen Kyaftin James Cook na shekarun 1770, ta shiga tarin kayan Joseph Banks. A kanta ne masanin tsuntsaye John Latham ya dogara a 1790 ya raɗa masa suna chrysogaster, wanda a Girkanci yake nufin mai cikin zinariya. Shekara hamsin bayan haka John Gould, wanda ya zo Tasmaniya a 1838 yana tattara bayanan babban littafinsa na tsuntsayen Ostireliya, ya gamu da shi a ƙananan tsibiran Actaeon, ya ba shi wani sunan daban. Ƙa'idar masana ita ce sunan farko shi ne suna, don haka na Latham ya zauna. A 1891 Tommaso Salvadori, masani ɗan Italiya, ya sanya shi cikin rukunin Neophema.

Yayin da ake wannan aikin raɗin suna a ɗakunan ajiya na Turai, ƙasar tsuntsun tana birkicewa. Birtaniya ta kafa sansaninta na farko a Tasmaniya a 1803. Cikin shekara talatin, yaƙi da cututtuka da ƙwacen ƙasa suka kusa shafe 'yan asalin tsibirin. A 1830 George Augustus Robinson, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa aikin lallashin waɗanda suka rage, ya ratsa kudu maso yamma da ƙafa. Kafin tsakiyar shekarun 1830 an kwashe mutanen wannan gaɓa an kai su Tsibirin Flinders, inda akasarinsu suka mutu. Jikokin 'yan asalin Tasmaniya suna nan har yau, amma masu ƙona filayen Melaleuca bisa ilimin da suka gada sun tafi. Tsarin wuta ya sauya: dogon lokaci babu ƙuna, sai kuma a wayi gari da gobara mai cin komai.

A ɗaya gefen tekun ɓarnar ta fi fitowa fili. Masaukin akun na hunturu siririn yanki ne na fadamun bakin teku, inda ruwan gishiri ke shiga ya fita, wasu gajerun tsirrai masu jure gishiri suke fitowa. Ƙwayoyin waɗannan tsirrai su ne abincinsa a watannin sanyi. A idon baƙin da suka kafa Melbourne a 1835, irin wannan wuri ƙazamin fili ne marar amfani. Aka sako masa tumaki da shanu suka tattake shi. Aka haƙa magudanai aka tsotse ruwansa, aka mai da wani sashe wurin dafa gishiri, wani tashar jiragen ruwa, wani masana'antu da unguwanni. Aka shigo da kyanwa da yanyawar Turai, waɗanda tsuntsu mai kiwo a ƙasa ba shi da dabarar kauce musu. Aka shigo da zomaye, da baƙin ciyayi, da ƙananan tsuntsayen Turai masu cin irin abincinsa. Masu tarko kuma suka riƙa kama shi suna sayar wa masu kiwon tsuntsayen ado.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa ya ƙarar da shi shi kaɗai. Haɗuwarsu ce ta mai da doguwar gaɓa mai albarka ta koma 'yan guntayen fadamu a warwatse, da tazara mai nisa tsakaninsu.

Wani abin ban mamaki shi ne ɗaya daga cikin mafakarsa mafi muhimmanci a yau ita ce katafariyar gonar tace ruwan najasar birnin Melbourne da ke Werribee, wadda aka kafa a shekarun 1890. Da yake an killace ta, ba a gina gidaje a cikinta ba, fadamun gefenta suka tsira. Wurin yana cikin yankin da aka sanya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 1982. Da babu gara ba daɗi.

Yadda aka gano mahaifarsa

Har zuwa shekarun 1970, kusan shekara 200 bayan raɗa masa suna, masana ba su tantance inda yake haihuwa ba, ba su kuma san adadinsa ba. Abin da ya tayar da bincike shi ne masana'anta. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin sinadarai na ICI ya shirya gina babbar masana'anta a Point Wilson, kusa da Werribee, daidai inda akun ke yin hunturu. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya ya sa aka samar da kuɗin bincike, aka tura masana, ciki har da Peter Brown, su bi sawun tsuntsun a Tasmaniya. Su ne suka tabbatar da cewa a kudu maso yamma yake sheƙa, kuma adadinsa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Melaleuca wuri ne da har yau babu hanyar mota zuwa cikinsa. Sai dai ƙaramin jirgin sama, ko jirgin ruwa, ko tafiyar ƙafa ta kusan mako guda. A can wani mai haƙar kuza mai suna Deny King ya zauna tun daga shekarun 1930 har rasuwarsa a 1991. Shi ya share filin saukar jiragen da ake amfani da shi a shekarun 1950, kuma ya daɗe yana lura da 'yan akun da ke sauka a lambunsa. Rumfar da ake kallon tsuntsayen daga cikinta a yanzu sunansa take ɗauke da shi. Yankin yana cikin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO.

A farkon shekarun 1980 aka kafa kwamitin ceto da ya haɗa gwamnatin tarayya da jihohi uku, wato Tasmaniya da Victoria da Kudancin Ostireliya, aka fitar da tsarin aiki na farko a 1984. A 1986 aka fara kiwonsa a keji a kusa da Hobart. Farkon ya zo da hasara, domin wata cuta mai lalata baki da gashin aku ta kashe da yawa daga cikin 'ya'yan farko. Daga baya gidajen namun daji irin su Healesville suka shiga aikin. A Melaleuca aka rataya akwatunan sheƙa a jikin bishiyoyi, aka kafa teburan abinci, aka riƙa sanya wa kowane ɗan tsuntsu zobe mai launi a ƙafa, ta yadda 'yan sa-kai za su gane shi da tabarau mai hangen nesa. Saboda wannan aiki, ƙalilan ne cikin tsuntsayen duniya aka san tarihinsu ɗaya bayan ɗaya kamar wannan.

An kuma yi ƙoƙarin kafa masa mahaifa ta biyu a Birchs Inlet, arewa da Melaleuca, inda aka saki ɗaruruwan tsuntsayen keji tun daga shekarun 1990. Garken bai kafu ba, aka haƙura.

A bakin 'yan siyasa

Da yake masaukinsa na hunturu yana bakin teku kusa da babban birni, inda kowa ke son fili, akun ya zama abin jayayya. A 1991 gobara ta tashi a ma'ajiyar sinadarai ta Coode Island da ke Melbourne, gwamnati ta yanke shawarar mayar da ma'ajiyar Point Lillias, kusa da fadamun da tsuntsun ke kiwo. Da masu kare muhalli suka yi ca, Firimiyan Victoria na lokacin, Jeff Kennett, ya yi wa akun ba'a, ya kwatanta shi da corella, wani aku gama-gari da manoma ke ɗauka a matsayin ɓarna, wanda kawai aka kambama. Kwamitin ceto ya karɓi ba'ar ya mai da ita sunan mujallarsa. Daga ƙarshe aka yi watsi da shirin.

A 2006 al'amarin ya juya. Ministan muhalli na tarayya, Ian Campbell, ya hana gina wata tashar samar da lantarki daga iska a Bald Hills, ya ce fankokinta za su iya kashe akun. Masu suka suka nuna cewa rahoton da ya dogara da shi ya ƙiyasta haɗarin wannan tasha a matsayin ƙarami ƙwarai, suka kuma zarge shi da fakewa da tsuntsu domin faranta wa mazauna wata mazaɓa da ba sa son tashar. Kafin shekarar ta ƙare aka janye haramcin. Irin wannan taƙaddama ta sake tasowa kan wata tashar iska da aka shirya ginawa a Tsibirin Robbins, a kan hanyar ƙaurar, inda hukumar muhalli ta Tasmaniya ta gindaya sharaɗin tsayar da fankokin wata biyar a shekara, kotun sauraron ƙorafi kuma ta soke sharaɗin a 2023.

Illar wannan duka ita ce sunan akun ya zama abin zolaya a jaridu, alamar ɗan tsuntsun da ke hana ci gaba. A daidai wannan lokaci, fadamun da ya dogara da su suna ci gaba da lalacewa ba tare da wata hayaniya ba, domin tattakar shanu da yaɗuwar baƙuwar ciyawa ba su da ranar ƙaddamarwa balle a yi musu zanga-zanga.

Shekarun gargara

A shekarun 1980 da 1990 an yi ƙiyasin cewa tsuntsayen daji suna tsakanin 150 da 200, kuma an ɗauka adadin ya tsaya. A 2010 lissafi ya nuna cewa ba su kai 50 ba, kuma za su iya ƙarewa cikin 'yan shekaru. Aka ɗauki mataki mai ɗaci: aka kama 'ya'ya 21 daga daji aka kai su keji domin ƙara wa garken keji sabon jini. Ma'ana an rage wa daji ƙarfi domin a ƙarfafa ajiya.

Masifu suka biyo baya. Cutar baki da gashi ta ɓulla a cikin 'ya'yan daji wajen 2015. A farkon 2017 wata ƙwayar cuta da ta gurɓata tsiron irin da ake ciyar da su ta kashe fiye da goma a wurin kiwo, gobara daga kogi ke nan. A wannan tsakani ne adadin masu dawowa ya faɗi zuwa 17. Masana na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya, ƙarƙashin jagorancin Dejan Stojanovic, sai da suka nemi gudummawar jama'a ta intanet domin aikin gaggawa, inda suka gwada ɗaukar jariran keji suna sanyawa a sheƙar uwayen daji.

Nazarin zoben ƙafa na shekaru sama da ashirin ya bayyana inda gizo ke saƙa. Yawan manyan da ke tsira daga shekara zuwa shekara bai sauya sosai ba. Na 'ya'ya kuwa, masu tafiyar farko, ya faɗi daga kashi 51 cikin ɗari a 1995 zuwa kashi 20 a 2017. Wato a cikin kowane biyar da suka tashi daga Melaleuca, huɗu ba sa dawowa. Duk wahalar da ake sha a mahaifa, ta akwatuna da abinci da magani, tana ƙara yawan masu tashi ne kawai. Mutuwar a hanya take faruwa da kuma masaukin hunturu, wuraren da suka fi wuyar sa ido. Wata fassara da masana suke bayarwa ita ce ƙarancin ya zama cuta da kansa: ɗan tsuntsun da ya ƙetare teku a da yakan tarar da garke, ya bi shi zuwa abinci, ya sami idanu da yawa masu hango maƙiyi. Yanzu yakan sauka a gaɓa mai tsawon ɗaruruwan kilomita shi kaɗai.

Abin da keji ke yi wa tsuntsu

Tsuntsayen keji a yau ɗaruruwa ne, sun ninka na daji sau da dama, kuma ba don su ba da tuni an rufe wannan babi. Sai dai keji yana da nasa farashi. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya gano cewa siffar gashin fuka-fukin wasu tsuntsayen keji ta ɗan sauya daga ta na daji, kuma waɗanda ke da wannan sauyi damar tsirarsu a ƙaurar farko ta gaza ta sauran har ninki 2.7. Bambancin bai wuce na 'yan milimita a tsinin fiffike ba. A cikin keji ba ya hana komai, amma a tsakiyar teku shi ke raba mai isa da mai faɗawa.

Matsala ta biyu ta gado ce. Duk tsuntsayen da ke raye sun fito ne daga 'yan tsirarun kakanni, dangi na kusa suna ta barbarar juna. Da aka kwatanta ƙwayoyin halittarsu da na gawarwakin ƙarni na 19 da ke gidajen adana kayan tarihi, an ga cewa fiye da rabin bambancin gadon jinsin ya ɓace, ciki har da wanda ya shafi garkuwar jiki. Wannan ya sa wasu masana suka fara tattauna abin da a da ba a ko ambatarsa: haɗa shi aure da wani ɗan'uwansa na kusa domin shigo da sabon jini, ko gyara ƙwayoyin halittarsa a ɗakin gwaji. Masu adawa suna tambayar ko abin da zai fito daga nan shi ne tsuntsun da aka yi niyyar ceto.

Inda aka kwana

Bayan 2017 an sauya dabaru. Maimakon sakin manyan tsuntsayen keji kaɗai, waɗanda suka saba da zaman ɗaki, aka koma sakin matasa a ƙarshen lokacin zafi, su cuɗanya da 'ya'yan daji su tashi tare. An gwada sakin wasu a fadamun Victoria domin su zama garken da baƙi za su tarar. An riƙa tsare wasu a keji lokacin hunturu, a mayar da su Melaleuca a jirgin sama. A 2019 Tasmaniya ta buɗe sabon wurin kiwo a Five Mile Beach. Hukumar gandun daji kuma ta koma ƙona filayen Melaleuca yanki-yanki da gangan, tana kwaikwayon aikin mutanen da aka kwashe daga wurin shekara kusan 200 da suka wuce.

Adadin masu dawowa ya fara hawa: 23 a 2019, 51 a 2020, 70 a 2021, 77 a 2022, har ya kai 92 a 2024. Ci gaba ne na gaske, amma masu aikin da kansu suna gargaɗin cewa hawan ya dogara ne kan tsuntsayen da ake zubawa daga keji duk shekara. Idan aka daina, lissafi ya nuna adadin zai sake gangarawa, domin abin da ke kashe 'ya'ya a hanya bai kau ba. Shi ya sa a 'yan shekarun nan aka fara maƙala wa wasu ƙananan na'urorin bin sawu, aka kafa turakun karɓar saƙo a gaɓar Tasmaniya da tsibiran mashigin, domin a gano inda suke yada zango da inda suke salwanta.

Tarihin wannan aku ya nuna wahalar da ke tattare da kare duk wata halitta mai ƙaura. Mahaifarsa tana cikin ɗaya daga cikin wuraren da suka fi samun kariya a duniya, amma wata biyar ko shida kawai yake yi a can. Sauran rayuwarsa tana rataye ne da gonakin masu zaman kansu, da filayen masana'antu, da bakin tafkunan najasa, ƙarƙashin hukumomi daban-daban masu buƙatu daban-daban. Gyaran fadama aiki ne na shekaru, ba ya kuma ɗaukar ido kamar hoton ɗan tsuntsu a tafin hannu, shi ya sa ya fi wuyar samun kuɗi.

Daga ƙarshen Satumba na kowace shekara, 'yan sa-kai sukan zauna safe da yamma a rumfar Melaleuca, suna karanta zoben duk tsuntsun da ya sauka a teburin abinci. Adadin da jaridu ke bugawa shi ne jimillar waɗanda suka dawo. Wanda masana suka fi zuba wa ido kuwa shi ne nawa ne daga cikin 'ya'yan bara suka ƙetare teku sau biyu da ƙarfin fuka-fukinsu, domin ranar da wannan adadi ya koma yadda yake a 1995 ce za a iya fara maganar rufe keji.